Bayan Labule a Jirgin Rosamund Hale

Litinin, 26 ga Nuwamba, 1849, da hantsi

Yau kwananmu hamsin da biyu da barin Plymouth. Mijina Enoch ya tambayi wani matuƙi, ya ce saura kamar kwana arba'in mu isa Port Adelaide, in iska ba ta juya mana baya ba. Tun da muka zagayo ƙarshen Afirka sanyi ya dawo, kuma an naɗe rabin filafilan jirgin.

Jiya bayan sujada aka saka yaron su Uren a teku. Shi ne na biyu. Su biyun duka ta ƙofar ɗakin jinya suka shiga, koriyar ƙofar nan da ke ƙarshen layin gadajenmu, kuma babu wanda ya fito da ƙafarsa. Likita Marwood ba ya barin uwa ta shiga. Kwana uku matar Uren ta yi zaune a gindin ƙofar, tana jin ɗanta yana kiranta.

Ba zan rubuta sunan ciwon ba. Kowa a ƙasan jirgin nan ya san shi, ba mai faɗa. Likita ya ce daga gobe kowace safiya za a jera yara ya duba maƙogwaro da ƙirji.

'Yata Loveday ta ƙi shan kununta. Yarinya 'yar shekara huɗu, yau ta so abu gobe ta ƙi. Ba komai ba ne.

Litinin, da la'asar

Jenifer matar Samson Hosken ta leƙo ta saman katakon da ya raba gadonmu da nasu, ta ce, "Keziah, ina gimbiyar taki? Tamsin ta ishe ni da tambaya."

Na ce barci take. Ta yi dariya ta ce, "Barci da rana tsaka? Ba ni sirrin, ni tawa ko an ɗaure ta ba ta kwanciya."

Ban san Jenifer a gida ba, ko da yake mazanmu a rami ɗaya suka haƙi kuza shekara shida. A jirgin nan muka saba. Lokacin da amai ya kwantar da ni mako biyu, ita ta wanke mini kai, ita ta ciyar da 'yata. Tamsin ɗinta shekararta uku, kuma ita kaɗai gare ta.

Na ja labule.

Talata, 27 ga Nuwamba, bayan duba yara

Mun wuce.

Da na tuɓe wa Loveday riga da safe na ga wuyanta da ƙirjinta sun yi ja. Na ɗauko garin alkamar da aka raba mana, na shafa mata har bayan kunne, na naɗa mata mayafina na ulu. Na ce mata wasa ne, kada ta gaya wa kowa. Yara sittin da 'yan kai ne a layi, fitila ɗaya, jirgi na tangaɗi. Da aka zo kanta ta datse baki. Likita ya ce, "Buɗe mana, 'yammata." Ta ƙi. Ya dube ni, na ce haka take, taurin kan ubanta ta kwaso. Ya ce to gobe, ya wuce na gaba.



Talata, da yamma

Enoch ya taɓa goshinta, ya janye hannu kamar ya taɓa murhu. Muka yi magana ƙasa-ƙasa, don katako ɗaya ne tsakaninmu da kunnen mutane.

Ya ce, "Keziah, kai ta za mu yi."

Na ce, "Kai ta ina?"

"Kin san ina."

Na ce masa ya tuna ɗanmu Nicholas. Shi ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi asibitin garinmu, aka rufe mana ƙofa, bayan kwana biyar aka miƙo mana takalmansa. Na ce, "Na ba da ɗaya. Wannan a hannuna za ta tashi, in kuma tafiya ce, a hannuna za ta tafi."

Ya ce, "Da 'ya'yan mutane fa?"

Na ce ba za ta fita daga labulen nan ba, ba yaron da zai matso kusa da ita. Na rantse masa a kan Littafi Mai Tsarki. Ya daɗe yana kallon Littafin, sannan ya ɗauki hularsa ya hau sama.

Laraba, 28 ga Nuwamba, tsakar rana

Ba a duba yara ba yau. Hadari ya taso tun da asuba, an rufe murfin matakala an danne shi. An ce Likita ya zame a sama ya gurɗe hannu. Na gode wa Allah, daga baya na ji kunyar abin da na gode masa a kai.

Loveday ba ta iya haɗiye ruwa. Da cokali nake ɗiga mata.

Alhamis, 29 ga Nuwamba, ban san ko ƙarfe nawa ba, amma rana ce

Duhu, wari, kuka. Akwatuna sun tsinke igiya suna yawo daga wannan bango zuwa wancan. Tukunyar miyar wake ta kife a kan ƙafar wani. Ba a hura wuta ba, busasshen biskit muke ci. Duk lokacin da igiyar ruwa ta doki jirgin, sai ka ji katakai suna nishi kamar saniya mai naƙuda.

Ruwa ya fasa ta wata kafa a saman gadon su Hosken. Ya jiƙa katifarsu sharkaf. An kira maza su taya juya famfo, Samson da Enoch duk sun tafi. Jenifer na ta amai, ko kanta ba ta iya ɗagawa.

Ta ce, "'Yar'uwa, karɓi Tamsin. Sanyi zai kashe mini ita a nan. Naku gadon a bushe yake."

Ba ta jira amsa ba. Ta zagayo tana dafa katako, ta ɗaga labulen, ta kwantar da yarinyar kusa da Loveday, ta ja musu bargo, ta koma.

Da kalma biyu da na hana. Da na ce, "Kada ki." Amma sai ta ce don me.

Na ja labule.

Juma'a, 30 ga Nuwamba, da safe

Na sa filo a tsakaninsu. Sun ture shi.

Juma'a, da la'asar

Har yanzu Tamsin tana nan. Katifarsu ba ta bushe ba. Kofi ɗaya ne da mu, na yi ƙoƙari in riƙa goge bakinsa da gefen zanena.

Enoch ya dawo daga famfo a jiƙe. Ya ɗaga labule, ya ga kawuna biyu a kan filo ɗaya. Bai dube ni ba. Ya sake labulen, ya je ya zauna a kan benci, a can ya wuni.

Asabar, 1 ga Disamba, da hantsi

Zazzaɓin Loveday ya sauka. Ta jiƙe da gumi, ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa." Na jiƙa biskit a ruwa ta cinye, ta nemi ƙari. Na cusa fuskata a bargo don kada a ji ni.

Ta tashi. A hannuna ta tashi. Da na kai ta koriyar ƙofar nan da yanzu wani zancen ake yi. Na sani.

Tamsin ta koma wurin uwarta. Lafiyarta ƙalau, tana waƙa.

Lahadi, 2 ga Disamba, bayan sujada

An buɗe murfi, iska ta shigo. Kyaftin ya karanta addu'ar godiya a saman jirgi. Filafili ɗaya ya yage, matuƙa na zaune suna ɗinki. Mata sun shanya katifu ko'ina.

Tamsin na ta guje-guje tsakanin igiyoyi. Na ƙirga, sau huɗu ta yi dariya. Ba komai.

Litinin, 3 ga Disamba, da safe

Likita ya dawo duba yara da hannu a rataye. Jan wuyan Loveday ya dushe, ban ma buƙaci gari ba. Ya ce ta rame, in roƙi kuku ya ba ta romo. Ya shafa kanta.

Tamsin ma ta wuce.

Talata, 4 ga Disamba, tsakar rana

Tamsin ta ƙi shan kununta.

Laraba, 5 ga Disamba, da hantsi

Jenifer ba ta ko jira a jera layi ba. Da ta ga wuyan yarinyar, ta naɗe ta a bargo ta ɗauke ta da kanta, ta bi tsakiyar gadaje, kowa na janye 'ya'yansa, ta ƙwanƙwasa koriyar ƙofar. Ta ce, "Likita, ga ta. Kada ta shafa wa 'ya'yan mutane."

Da kunnena na ji.

Likita ya tambaye ta da wa yarinyar ta yi cuɗanya a kwanakin hadari. Ina tsaye da tulun ruwa a hannu, taku biyar tsakanina da su. Ta ce, "Ba kowa. Tana wurinmu."

Me ya sa ta ce haka? Mantawa ta yi? Ranar nan ba ta cikin hayyacinta sosai. Mantawa ta yi.

Yanzu ita ce a gindin ƙofar.

Alhamis, 6 ga Disamba, da la'asar

An ƙara kai yara biyu daga can gaban jirgi. Waɗannan ba su taɓa zuwa kusa da mu ba. Na gaya wa Enoch, na ce ka gani, abin a iska yake, ko da me aka yi sai ya kama wanda zai kama. Ya ce, "Wa kike gaya wa, ni ko ke?"

An ƙona kwalta a cikin bokiti, an yayyafa ruwan tsami a ƙasa. Idanuna na ta ruwa. Hayaƙin ne.

A teburin cin abinci mutane sun fara neman inda abin ya fito. Matar Uren ce ta tuna. Ta ce Goggo Annis, tsohuwar gwauruwar da ke tafiya wurin ɗanta, ta taɓa faɗa da bakinta cewa jikanta ya rasu bara a kan katifar gashin agwagwar da ta taho da ita. Kuma yara na yawan hawa katifar, don tana ba su labari.

Goggo ta ce, "Tari ne ya kashe jikana. Ku ji tsoron Allah."

Wani ya ce, "Tari yau, zazzaɓi gobe. Kin kwaso mana mutuwa a ƙunshi, tsohuwa."

Na ci gaba da yanka wa Loveday nama.

Juma'a, 7 ga Disamba, tsakar rana

Sun jefa. Katifar, da barguna biyu, da kwat ɗin marigayi mijinta. Likita ya ce shi bai tabbata ba, amma gara a kwantar da hankalin mutane. Katifar ba ta nutse da wuri ba. Ta daɗe tana bin bayan jirgi, manyan tsuntsayen nan farare suna kewaya ta.

Goggo Annis ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da ƙarfen gefen jirgi har abin ya ɓace. Shekararta sittin da takwas, yau a kan tsuran katako za ta kwanta. A teburi an bar mata gefe guda ita kaɗai.

Asabar, 8 ga Disamba, da safe

Fatar yatsun Loveday ta fara saɓulewa. Tafin hannu, tafin ƙafa, kamar ɓawon albasa. Duk uwar da ta gani ta san ma'anarsa. Na sa mata safar hannu, na ce sanyi.

Asabar, da la'asar

Na kai wa Jenifer shayi a gindin ƙofa. Ta karɓa ta riƙe bai kai bakinta ba. Daga ciki ana jin wata 'yar murya, ba a gane abin da take cewa.

Ta ce, "Jiya tana kirana. Yau ba ta kira."

Na ce wataƙila barci ta samu.

Ta ce, "Yaya Loveday?"

Na ce lafiya.

Ta ce, "Madalla." Ta dubi shayin. "Madalla."

Lahadi, 9 ga Disamba

Ban je sujada ba.

Litinin, 10 ga Disamba, da hantsi

Tamsin ta cika. Da asuba.

Litinin, da yamma

Ni na yi mata sutura. Jenifer ce ta ce ni take so. Likita ya bar ni na shiga tunda ba abin da ya rage. Ɗakin ƙarami ne, gado huɗu, da taga mai faɗin faranti. A share yake. Akwai wata mata da ke jinyar yaran, matar wani kafinta, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ta ce a kan cinyarta yarinyar ta cika, tana yi mata waƙa. Ban zaci haka cikin ɗakin yake ba. Ban san abin da na zata ba.

Mai ɗinkin filafilai ya ɗinke ta a cikin tamfol, ya sa ƙarfe a wajen ƙafa. Ƙunshin bai kai tsawon hannun Enoch ba. Kyaftin ya karanta, aka karkata katako. Jirgi bai tsaya ba, iska mai kyau ce, ba a wasa da ita.

Samson ya riƙe matarsa. Enoch ya riƙe hularsa.

Laraba, 12 ga Disamba, tsakar rana

Loveday ta ce ina Tamsin. Na ce ta tafi wurin Yesu. Ta ce a cikin ruwa Yesu yake?

Asabar, 15 ga Disamba, bayan abincin rana

Yau saura kaɗan.

Muna teburi, mu takwas. Kuku ya aiko da gari a yi burodi, matar Uren na kwaɓawa. Loveday ta dangwala safarta a garin ta shafa a wuya, ta ce, "Ku ga irin wasan da Mama ta yi mini ranar da Likita..."

Na kife kofin ruwa a kan cinyarta. Ta fashe da kuka, na ɗauke ta ina yi mata faɗa a kan ɓarna. Aka yi dariya, wani ya ce 'ya'yan yanzu sai a hankali.

Jenifer na can ƙarshen benci. Ba ta ɗago ba. Goggo Annis ce ta ɗago.

A bayan labule na mari 'yata. Ban taɓa ba sai yau.

Talata, 18 ga Disamba, da la'asar

Kwana takwas ke nan Enoch bai yi mini maganar da ta wuce "miƙo gishiri" ba. Yau ya yi. Ya ce Samson ya roƙe shi in mun isa mahaƙar tagulla a Burra su nemi aiki a rami ɗaya, mu kuma kama ɗakuna kusa da juna, don Jenifer ba ta da kowa sai ni.

Ya ce, "Na ce masa to. Me zan ce? A ƙarƙashin ƙasa mutum ransa yake ba abokin aikinsa ya riƙe masa. Kullum zan riƙa kallon bayan kansa ina sane. Ke kika rantse, Keziah, amma ni ma na ɗaga labulen na gani, na sake shi. Ba ke kaɗai ba ce. Wannan ne ya hana ni barci."

Na ce to mu yi yaya, faɗa zai dawo da ita?

Ya ce a'a.

Alhamis, 20 ga Disamba, da hantsi

Na je ƙofar Likita. Na tsaya. Na dawo.

Asabar, 22 ga Disamba, da la'asar

Na naɗe katifarmu ta gashi, wadda uwata ta ba ni, na kai wa Goggo Annis. Tana zaune a kan katakonta tana saƙa, ta shimfiɗa buhu biyu.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce kyauta ce, ƙashinta ya fi nawa buƙata.

Ta ce, "Cire wa 'yarki safar nan, ta warke ai. Zafi ya fara, mutane za su fara tambaya."

Na zauna a ƙasa. Na ce zan tashi a teburi in faɗa a gaban kowa, a san ba ita ba ce.

Ta ce, "Ki faɗa don wa? Ni saura mini kwana goma sha wani abu da mutanen nan, ɗana zai ɗauke ni mu tafi gonarsa. Ke kuwa gari ɗaya za ki zauna da su har ki tsufa, 'yarki ta tashi ana nuna ta da baki. Bar shi a kaina, na saba ɗaukar kaya." Ta ci gaba da saƙa. "Amma kada ki ɗauka na yafe. 'Ya'ya shida na haifa a kan katifar da suka jefa, a kanta mijina ya cika. Ajiye taki a nan. Kuma ba ni ce wadda ya kamata ki zauna a gabanta ba."

Talata, 25 ga Disamba, Kirsimeti, da yamma

An ba mu ƙarin gari da busasshen inabi. Mazan garinmu sun yi waƙoƙin da ake yi a gida, murya huɗu, har masu kuɗin da ke ɗakunan sama suka leƙo suna saurare. Rana ta yi zafi, Kirsimeti ba sanyi, abin ya yi bambarakwai. Tun ran goma sha huɗu ba a ƙara kai kowa koriyar ƙofar ba. Bakwai suka shiga, biyu suka fito.

Biyu sun fito. Na rubuta don in gani da idona.

Na zauna kusa da Goggo Annis a teburi. Matar Uren ta ce, "Ke dai ba kya tsoro." Na ce ina yi.

Juma'a, 28 ga Disamba, bayan wanki

Ranar wanki ce, baho ɗaya mata biyu. Da Jenifer aka haɗa ni. Muna durƙushe a saman jirgi, ruwan teku ba ya kumfa, sai dirza. Ta ciro wata 'yar riga daga cikin kayan, ta tsaya tana kallonta, sannan ta tsoma ta.

Ban shirya ba. Bakina ne ya buɗe. Na ce, "Jenifer, ranar hadari, da kika kawo ta gadonmu, Loveday na kwance da ciwon. Kwana uku tana da shi. Na ɓoye. Na ga kin kwantar da ita ban hana ki ba."

Ba ta daina dirza ba. Na zaci ba ta ji ba, na buɗe baki zan sake.

Ta ce, "Na ji ki."

Ta matse rigar, ta ajiye a gefe.

"Da na ja musu bargo, bayan hannuna ya taɓa kumatun 'yarki. Kamar garwashi. Na ji, Keziah. Na tsaya. Sai na tuna ruwan da ke gadonmu, da yadda leɓen Tamsin ya yi shuɗi, da yadda cikina ke juyawa. Na ce wa kaina zafin bargo ne. Na koma na kwanta." Ta ɗauki wata rigar. "Shi ya sa na ce wa Likita ba kowa. Kin zaci ke na rufa wa asiri?"

Na kama hannunta. Ta zare a hankali.

Ta ce, "Kullum ina jira ki faɗa, kullum ina addu'a kada ki faɗa. Muddin kin yi shiru, ina iya cewa zafin bargo ne. Yanzu kin ƙwace mini wannan ma."

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ban kai nan ba tukuna. Ban ma fara da kaina ba. Samson bai sani ba, kuma ba zai sani ba. Miƙo sabulun."

Muka gama wankin. Tare muka shanya, ita ta riƙe gefe ɗaya na zanen gado, ni ɗaya.

Lahadi, 30 ga Disamba, tsakar rana

Samson ya gaya wa Enoch sun fasa zuwa Burra. Matarsa ta ce ba ta son zaman mahaƙa, za su nemi aikin gona wajen kudu. Yana ta ba Enoch haƙuri, wai kada ya ga kamar ya saɓa alkawari.

Alhamis, 3 ga Janairu, 1850

Katako ɗaya tsakaninmu. Ina jin numfashinta, tana jin nawa. Muna gaisawa da safe.

Lahadi, 6 ga Janairu, da la'asar

An hango ƙasa. Kowa ya ruga sama, har da masu kuka. Ƙasa ce ja-ja, busasshiya, ba kore ko kaɗan. Iskar da ke fitowa daga cikinta kamar an buɗe tanda. Enoch ya ɗaga Loveday a kafaɗa ta gani. Da ya sauke ta ya dafa bayana, bai daɗe ba, amma ya dafa.

Laraba, 9 ga Janairu, Port Adelaide, da yamma

A kan akwatinmu nake rubutu, a cikin wata rumfar kwano da aka ba sababbin zuwa. Ƙasa na ta yi mini tangaɗi har yanzu.

Tun safe ake sauke kaya. Laka, sauro, ƙudaje, masu amalanken shanu suna ta ihun sunayen garuruwa. Ɗan Goggo Annis ya zo, ƙato mai gemu, ya ɗaga ta cak kamar yarinya. Ta sa ya ɗora katifar a kan amalanke. Da za su wuce ta ɗaga mini kai sau ɗaya.

Su Hosken sun samu amalanken da zai yi kudu da tsakar rana. Samson ya rungume Enoch, ya ba ni hannu, ya ce Allah ya saka mini da alherin da na yi wa 'yarsu. Jenifer ta riga ta hau, ta ba mu baya.

Shanun sun fara tafiya ke nan Loveday ta fizge daga hannuna, ta bi su da gudu, kanta ba ko ɗankwali, tana kiran, "Inna Jenifer, Inna Jenifer, ba ki yi mini sallama ba."

Jenifer ta ce wa mai amalanken ya tsaya. Ta sauko. Ta durƙusa a cikin ƙura, ta kama hannayen yarinyar ta juya su, ta daɗe tana kallon sabuwar fatar. Sannan ta buɗe ƙunshinta ta ciro wata 'yar malafa sabuwa mai shuɗin zare. A Plymouth ta saya wa Tamsin ita, saboda an ce mata ranar ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Ba a taɓa sa ta ba. Ta ɗora wa Loveday, ta ɗaure mata zaren a ƙarƙashin haɓa, ta gyara.

Ta ce, "Ta ɗan yi miki kaɗan. Kada ki cire in kina rana. Koma wurin uwarki."

Ba ta dubi inda nake ba. Ta hau, suka tafi.

Enoch ya ce in cire mata, ba zai iya kallo ba. Na ce sai rana ta faɗi. Gobe da sassafe za mu kama hanyar Burra, an ce tafiyar kwana bakwai ce, kuma babu inuwa a hanya.